Miriya ta girmi Damagaram? Kuma mutum nawa ne a cikinta?

Ɗan_Miriya82
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Gardama ce ta kaure mana jiya da dare a fadarmu ta Sabon Gari, har shayi na uku ya huce ba a sha ba. Ni ɗan Miriya ne, aiki ya kawo ni Damagaram shekara 9 ke nan, amma har gobe wani abokina ba ya kirana sai da ɗan ƙauye. Jiya dai na ce masa ya iya bakinsa, Miriya tana gari da sarkinta tun Zinder tana ɗan ƙauye a gindin duwatsu. Ya ce ƙarya nake. Daga nan magana ta koma kan yawan jama'a, na ce mun kai dubu 100, shi ya ce ko dubu 15 ba mu cika ba har da jakuna. Mun yi alkawari wanda ya faɗi shi zai sayi sukari da ganyen shayi na sati guda. To masana, ku raba mu.

Kabukabu_Zongo
Dubu 100? Ɗan'uwa fara neman kuɗin sukari tun yanzu. Ina kai mutane Miriya kusan kowace Lahadi, kilomita 18 ce, kafin mai ya motsa a tanki na isa. In ba ranar kasuwa ba, minti 10 ya ishe ni in ratsa garin daga wannan baki zuwa wancan.

MusheMaiRitaya
Wa alaikumus salam. Yarona, tambaya biyu ka haɗa a ƙwarya ɗaya, bari in fara da ta tarihi tunda ita na koyar shekara da shekaru.

A ta farko kana da gaskiya. Miriya tana cikin ƙasashen Sosebaki, ita da Wacha da Dungas, kuma sarakunansu suna danganta asalinsu da Barno. Suna nan da sarautarsu kafin gidan sarautar Damagaram ya yi ƙarfi. Shi wannan gida ana kai farkonsa wajen 1731, da wani malami Babarbare, kuma ba a Zinder ya fara ba. Sunan ma Damagaram na wani ƙauye ne can arewa maso gabas, wanda yau muke kira Damagaram Takaya. Sun yi ta sauya mazauni kafin su tare a Zinder. Da suka zauna da gindinsu, musamman zamanin Tanimun wanda ya gina ganuwa ya sa aka ƙera igwa a nan cikin gari, sai suka tattara maƙwabta duka ƙarƙashinsu, har da Sosebakin. Tanimun ya rasu a 1884.

Akwai wani Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Ya taso daga Kukawa ya iso Zinder a ƙarshen Disamba 1852, kuma ta Miriya ya biyo. Abin da ya rubuta shi ne a da Miriya babban gari ne, ita ce ke riƙe da wannan yanki na yammacin Barno, sai da Sulaiman ya kafa Zinder sannan ta fara ja da baya. Ya kuma yaba itatuwan tsamiyar garin. Wannan shaidar baƙo ce, ba shi da gona a Miriya ba shi da suruki a Birni.

Ɗan_Miriya82
Allah ya ƙara girma Mushe! Na riga na tura masa. Rabin sukari ya fita daga wuyana.

NaBirni_Asali
Mushe, da girmanka, amma ni a wurare da dama na karanta cewa tun 1736 aka mai da hedikwata Zinder. In haka ne ai shekara 5 kawai ke tsakani, ina tsufan da ake ta faɗa? Kuma a yi mana adalci, tsufa daban girma daban. Akuya ma tana iya girmar doki a shekaru.

MusheMaiRitaya
@NaBirni_Asali na san wannan 1736 ɗin, yana yawo a intanet kowa na kwafa daga wajen kowa. Amma ka auna da kanka. Sulaiman ɗan Tintuma shi ake ba labarin ya zaunar da sarauta a Zinder, kuma mulkinsa a farkon shekarun 1800 ne, ana sa shi tsakanin 1812 da 1822. Baturen nan da ya zo a 1852 ɗan Sulaiman ɗin ya tarar a gadon sarauta, Ibrahim, kuma aka gaya masa abin ya yi wajen shekara 25 da faruwa. Mutanen da suka ga abin da idonsu suna raye a lokacin. Ni wannan na fi kamawa. Ko ma ka riƙe 1736 ɗinka, ba da ita ake auna tsufan Miriya ba, don ita tana nan tun kafin 1731 ɗin.

Ɗiyar_Wacha
Ni abin da ke ba ni haushi, da an ce Sosebaki sai ƴan Miriya su miƙe kamar su kaɗai aka haifa. Don Allah a riƙa tunawa da mu. Kakata har ta rasu in ta ji an ce Miriya ce babba sai ta ce kwalta ce ta bi ta ƙofarsu kawai. Kuma da gaskiyarta, babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Gure da Diffa ta cikin Miriya ta ratsa. Da ta Wacha ta bi da yanzu wani zancen ake.

BaSosebaki
Yaya Ɗiyar_Wacha a yi haƙuri, ɗaki ɗaya muka fito. Amma ko kafin kwalta ai fatake ta nan suke bi in sun fito Barno, ruwa da inuwa suke nema.

Bakano_a_Zinder
Ikon Allah. Damagarawa ana gardamar wane ƙauye ya girmi wane ƙauye. Ku haɗa Miriya da Wacha da Birni da Zongo ku zuba a Kurna, mai unguwa ɗaya ya ishe ku.

NaBirni_Asali
@Bakano_a_Zinder ka tambayi kakanka me ya sa aka rufe ƙofofin Kano zamanin Sarki Alu da aka ji tambarin Amadu Kuran Daga. Ƙauyawan nan ne fa suka zo muku har gida.

Bakano_a_Zinder
Sun zo sun koma dai. Yanzu kuma kuna zuwa da buhun kuka muna saye, Allah ya bar zumunci.

Admin_Zaure
Wasan Kanawa da Damagarawa ba ya ƙarewa, amma a dawo kan tambaya. Saura batun yawan jama'a.

Ɗalibar_Jami'a
Bari in sa baki, don darasin da muke kai ke nan a nan jami'ar André Salifou. Alƙaluman da ke hannuna na ƙidayar Disamba 2012 ne, wadda hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS ta gudanar.

Garin Miriya kansa, wato cikin gari ban da ƙauyuka, mutum dubu 28 da ɗoriya. Komin ɗin Miriya gaba ɗaya, gari da ƙauyukan da ke ƙarƙashin magajin gari, dubu 80 da ƴan kai. Gundumar Miriya kuwa ta haura dubu 500, kuma wannan bayan an yanke mata Takeita da Damagaram Takaya a 2011 sun zama gundumomin kansu. To ka ga Yaya Ɗan_Miriya82, kafin a ce wa ya ci sai an san wace Miriyar kuka yi gardama a kanta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tafiyar garin. A ƙidayar 1977 bai kai dubu 9 ba. A 1988 ya zama dubu 13, a 2001 dubu 19, sai 2012 dubu 28. Cikin shekara 35 ya ninka fiye da sau 3. Abokinka da ya ce dubu 15 yana magana ne a kan Miriyar da ya sani yana yaro.

Kabukabu_Zongo
Na faɗa. 28 ina, 100 ina.

Ɗan_Miriya82
Ƙanwata na gode, amma tsaya. Ni da na ce dubu 100 ai da ƙauyukanmu nake nufi. In a 2012 komin tana da dubu 80, yau fa?

Kabukabu_Zongo
Jiya a fada ba ka ce da ƙauyuka ba, yanzu da ka ga uwar bari ka jawo su.

Ɗalibar_Jami'a
Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 kowace shekara. Da irin wannan gudu, shekara 18 zuwa 19 ta isa a ninka. In ka bi wannan lissafi komin ta wuce dubu 100 tuntuni, cikin gari kuma ya haura dubu 40. Amma wannan lissafin alƙalami ne nawa, ba wanda ya bi gida gida ya ƙirga.

TsohonMaiƘidaya
Tunda an zo kan bin gida gida, ku ba ni wuri, ni na bi. Ina cikin waɗanda aka ɗauka aikin 2012, aka ba ni wasu ƙauyuka kudu da Miriya. Ba na raina alƙaluman nan, da guminmu aka same su, amma ya kamata ku san yadda ake samo su.

Rana ta biyu na shiga wani gida da ƴar jakata da fensir da guntun alli na rubuta lamba a ƙofa. Mai gidan dattijo ne, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo hura a ƙwarya da ludayi. Na ce Baba iyali nawa? Ya ce biyu. Na ce yara fa? Ya ce alhamdu lillahi. Na ce Baba takardar nan ba ta da gurbin alhamdu lillahi, lamba take so. Ya yi murmushi ya ce ɗan nan, kyautar Allah ba a ƙirga ta, mai ƙirga ƴaƴansa shi ke ganin sun ragu. Sai na bar tambayar nawa, na ce to a faɗa mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya in yi musu addu'a. Nan ma aka ci karo. Uwargida ta zo bakin zaure ta tsuguna, ta lissafo yara 6, ta tsallake na farko. Ɗan fari ne, ba za ta kama sunansa ba ko za a yanka ta. Wata ƴar yarinya mai tallan gyaɗa da ke leƙe ita ta faɗa mini sunan, uwar ta jefe ta da takalmi.

Na gama na rufe takarda ina shirin tashi sai na ji kukan jariri daga ɗakin amarya. Na ce wannan fa? Suka ce ai wannan bai isa ƙirga ba, kwanansa 4, ko suna ba a yi ba. Na sake buɗe takarda. Da yaron nan barci yake a wannan lokaci da babu shi cikin mutum 17,138,707 da aka ce Nijar na da su.

Shekaru kuwa kada ma a yi magana. Ba mai takardar haihuwa sai ɗaiɗai. Sai dai ka ce an haife ta kafin yunwar El-Buhari ko bayanta? In an ce tana goye lokacin, ka san wajen 1984 ne. Wannan shekarar da Kunce ya rasu, ka rubuta 1987. Wancan kuma shekarar da aka kashe Ba'are, 1999. Da haka muka yi ta lalube.

Hajiya_MaiTulu
Wallahi kamar a gidanmu aka yi. Ni ma har yau ban taɓa faɗin sunan ɗana na fari ba, kuma yana da ƴaƴa 5.

BaSosebaki
Malam TsohonMaiƘidaya akwai abin da ba ka faɗa ba. A Disamba kuka yi aikin, an gama girbi an ɗaure hatsi an sa a rumbu. Wa ke gari a Disamba? Tsofaffi da mata da yara. Samari duk sun tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas su wuce Libiya. A gidanmu kaɗai maza 4 ba sa nan a lokacin. Ta yaya lissafinku zai cika?

TsohonMaiƘidaya
An yi tunanin wannan. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce wanda ya saba zama a gidan, in tafiyarsa ba ta kai wata 6 ba, ana rubuta shi ɗan gida ne da ba ya nan. Ɗan ci-ranin da ya tafi bayan girbi yana ciki. Matsalar ita ce sai an faɗa maka da shi. Wani uban in ka tambaya sai ya yi shiru a kan samarin, a zatonsa lanho, wato haraji, za a ƙara masa.

MusheMaiRitaya
Wannan tsoro yana da tushe, kada ku ga laifinsu. Zamanin Nasara ba a ƙirga mutane don a gina musu lakwal ko gidan likita. Kumandan yana fitowa rangadi, a tara gari a gindin itace, mai gari na gefe, ana kiran gida gida. Kowane kai da aka rubuta kuɗi ne za a biya, kuma daga cikin wannan takarda ake ɗibar masu aikin dole da na soja. Aikin dole sai a 1946 aka soke shi. Mahaifina ya ba ni labari da bakinsa, in an ji kumandan na tafe sai a tura samari cikin karan dawa, yara kuma a zuba su a rumbu a rufe. Shi kansa ya wuni a rumbu yana shaƙar ƙaiƙayi. Mutumin da aka rene shi da wannan labari, in ka zo masa da fensir ka ce gwamnati na son sanin ƴaƴansa, me kake jira ya ce?

Shi ya sa duk wani adadi na zamanin Turawa nake ɗaukarsa da hannu biyu. Daga 1899 da suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, har suka mai da Zinder babban birnin ƙasa a 1911, suka ɗauke zuwa Yamai a 1926, lissafin masu biyan kuɗi suke yi. Ƙidaya ta gaskiya ta ƙasa baki ɗaya sai a 1977 aka fara.

Talaka_Bawan_Allah
Yanzu kuma abin ya juye. In an ji ƙidayar rabon taimako ce, gida mai mutum 7 sai ya zama 19. A 2005 na ga wanda ya rubuta har da kakarsa da ta shekara 3 a kabari.

TsohonMaiƘidaya
Haka ne. Shi ya sa tambayar farko da ake mana a kowane ƙauye ita ce, ta mece ce wannan, ta karɓa ko ta bayarwa?

Ƴar_GarinMalam
Ni takardar haihuwar ce ke ci mini rai. Mahaifiyata a wani ƙauyen Miriya aka haife ta, takardarta «vers 1968» aka rubuta, wato wajen shekarar. Da za ta tafi Makka muka yi ta sintiri a wani ofis sati 3, a ce sunan uba bai yi daidai da na katin ɗan ƙasa ba, a ce ku dawo jibi. A ƙarshe aka maƙala mata 1 ga Janairu. Yanzu ita da ƙanwarta da maƙwabciyarmu duk ranar haihuwarsu ɗaya.

Kabukabu_Zongo
Rabin Nijar 1 ga Janairu aka haife mu Hajiya, ni ma ina ciki.

Hajiya_MaiTulu
Ku kuna ta lamba, ni da kasuwa nake auna gari. A Miriya aka haife ni, gidanmu gidan ginin tukwane ne, aure ya kawo ni Zongo. Ina yarinya ranar Asabar ba ma barci. An kwaɓa yumɓu tun farkon sati, an gina, sun sha iska a inuwa don in rana ta buge su da ɗanye sai su tsage. Da la'asar a jera su baki ƙasa, manyan randuna a tsakiya, tuluna da kasake a gefe, a lulluɓe da kara da busasshiyar ciyawa da kashin shanu, a sa wuta. Kana kwance kana jin wata ta yi ɗas a cikin wutar, sai innata ta ce inna lillahi, wannan randa ce. Da asuba a tone toka a fito da su da sanda, a ɗora wa jaki sai kasuwa.

Mai saye kuma ba ya ɗauka sai ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya kara kunne. In ta yi ƙara siririya kamar ƙarfe ta gasu. In ta yi bif, ko kyauta ba ya so.

Wancan lokaci innata in ta zauna a rumfarta, duk wanda ya wuce ta san ɗan gidan wane ne, har ta aika gaisuwa. Bara da na je na zauna wajen ƴar ƙanwata tun hantsi har azahar, mutum 3 kawai na gane. Gonar da muke zuwa roron gyaɗa yanzu gidajen siminti ne har da shago. To ni ban san dubu nawa ba ne, amma garin da na sani an zuba masa wani gari a kai.

Ɗiyar_Wacha
Inna har yanzu ana sayen tulun kuwa? Mu nan kowa ya koma bido da roba.

Hajiya_MaiTulu
Bido na ɗaukar ruwa ne ɗiyata, ba na sha ba. Bari watan Afrilu ya zo wuta ta ɗauke kwana 2, ki ga masu firiji suna layi wajen randa.

Manomi_Droum
Ni inda yawan jama'a ya fi bayyana gare ni shi ne gona. Kakana yana da gandu ɗaya, in ka tsaya a wannan kai ba ka hango wancan. Ya bar ƴaƴa maza 6 aka raba. Mu jikoki maza mun kai 23. Abin da ya zo hannuna in na shuka tiya 2 ta iri na gama. Ko damana ta yi kyau hatsin ba ya kai mu wata 5. To me zai hana yaro tafiya ci-rani? Kuma ba mu kaɗai ba, duk kudancin jihar nan haka yake, Matamaye, Magarya, Kance. Kun tuna Oktoba 2013, mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma akasari daga yankin Kance suka fito. Ba yawon banza ya fitar da su ba.

BaSosebaki
Allah ya jiƙansu. Amma mu a Miriya abin da ya ɗan rufa mana asiri shi ne kuka da garka. Wanda bai sani ba yana ganin kukokin nan kamar na daji ne. Kowace da mai ita. Ana gadonta kamar gona, ana iya sayar da ganyen shekara tun yana bisa. Mahaifiyata kuka 3 ta gada, da kaka a hau a sassabo ganye, a shanya a inuwa don ya riƙe korensa, a cika buhuna. Da kuɗin ta yi wa ƙannena mata 2 kayan ɗaki. Yanzu har dasa ta ake yi a garka ana ba ta ruwa kamar salati.

MusheMaiRitaya
Kula da itace tsohon abu ne a ƙasar nan. Tsofaffi na faɗa cewa zamanin Tanimun wanda ya sare gawo ba da izini ba hukuncinsa mai tsanani ne ƙwarai. Ku dubi gonakin kudu yadda gawo ya dawo bayan yunwar 1984, manoma da kansu suka riƙa barin tsiron suna yi masa aski maimakon su tumɓuke.

Kuma kada a ɗauka yawan jama'ar nan a miƙe ya taho. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta share ƙauyuka. An yi ta 1973, an yi El-Buhari. Ƙyanda da sanƙarau kuwa kowane rani sai sun ɗiba. Mahaifiyata ta haifi 11, mu 4 muka girma. Ƴata ta haifi 7, duka suna nan suna cinye mini fansho. Haihuwar ba ta ƙaru ba, mutuwar yara ce ta ragu, saboda rigakafi da gidajen likita da ruwan pampo. Daga nan ninkin da ɗalibarmu ta lissafa ya fito.

Ɗalibar_Jami'a
Haka ne Baba. Binciken 2012 ya ba da ƴaƴa 7.6 ga kowace mace a Nijar. Kuma a wannan ƙidaya jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha jama'a, mutum 3,539,764, Maradi na biye.

NaBirni_Asali
To tunda ana lamba, a faɗi ta birni ma mana don ɗan ƙauye ya san matsayinsa.

Ɗalibar_Jami'a
Birnin Zinder da kewayensa ya haura dubu 320 a 2012.

NaBirni_Asali
Na gode. Miriya 11 ke nan da canji. Tsufa dai na bar muku.

Hajiya_MaiTulu
Ɗana, je ka Kasuwar Dole ranar Alhamis ka tambayi masu rumfa ɗaya bayan ɗaya ina aka binne cibiyarsu. Mu ne muka cika muku birnin. In kowa ya koma garin ubansa, Birni sai ku da duwatsu.

Talaka_Bawan_Allah
Wannan ita ce maganar. Shi kansa mai tambayar a ina aka ƙirga shi?

Ɗan_Miriya82
Kai, ka kama ni. A 2012 ina Miriya, a can aka rubuta ni. In aka sake yau, ni da matata da yara 4 duk lissafin Damagaram za mu shiga, alhali ko Sallah ba mu taɓa yi a nan ba.

TsohonMaiƘidaya
Inda kake kwana nan ake rubuta ka, ba inda zuciyarka take ba. Mu ba mu da gurbin wannan ma.

Kabukabu_Zongo
To a yanke hukunci mana, shayi na jira. Tarihi ya ci, lamba ya faɗi. Ni a ganina shi ya sayi sukari, abokin ya sayi ganye.

BaSosebaki
Ban yarda ba. Ya ce 100, komin ta wuce 100. Abokin ya ce 15, babu ta inda za ka juya ta zama 15. Abokin ne zai sayi duka.

NaBirni_Asali
Daga 15 zuwa 28 tazarar 13 ce. Daga 100 zuwa 28 tazarar 72. Wa ya fi kusa? Ko lissafin ma sai an kira Barth?

Ɗiyar_Wacha
Har yanzu dai ba wanda ya kawo mini hujjar cewa Miriya ta girmi Wacha. Mushe ina jiranka.

MusheMaiRitaya
Ɗiyata wannan sai an buɗe mata zaure nata, kuma sai na ci abinci tukuna.

Ɗan_Miriya82
Na karanta masa duka yanzu a fada. Ya ce ya yarda da tsufan, amma ɗan ƙauye dai ba zai fasa ba, wai tsohon ƙauye ma ƙauye ne. Sukarin kuma mai shayinmu ya gaji da jira ya ciyo bashi a shago da sunana. Lahadi zan je gida, akwai wani tsoho a unguwarmu da ya san jerin sarakunan Miriya da ka, zan ɗauko muryarsa a waya in kawo muku.

Hajiya_MaiTulu
In za ka je ka taho mini da tulu ɗaya matsakaici, mai ƙaramin baki. Ka ƙwanƙwasa kafin ka biya. Kuma kada ka ba wa Kabukabu_Zongo ya ɗauko, na san tuƙinsu.